Hular Baba Mai Fuska Biyu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Babanmu kuwa ya riga mu. Na ɗauki biro ne don kada a wayi gari jikokinsa su san shi a hoton nan na falo kawai, wani dattijo mai farin gemu da ya haɗe rai. Mutumin nan ko a gadon jinya bai iya haɗe rai ba. Mai hoton ne ya ce masa kada ya motsa.

Ranar da aka kai shi makwancinsa gidanmu ya cika har bakin titi. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ba kuka ba magana. A ce mata "Ya haƙuri?" ta ce "Da godiya," shi ke nan. Shirun nan nata ya fi kuka tayar mani da hankali.

Can sai aka yi sallama, aka ce wani direban babbar mota daga tsallake, daga Ɗan Isa, yana son ya gaida Inna. Ya shigo, ƙato da shi, ya zube a tsakar gida yana share hawaye da hularsa, ya buɗe murya kamar yana kiran fasinja a tasha:

"Inna, ashe Mushe ya tahi! Allah Shi ji ƙan Mushe!"

Mata suka ɗauki salati. Gwaggo, yayar Baba, ta yunƙura da carbinta a hannu. "Kai, wane ɗan banza ne wannan? Ƙanen nawa kake ce ma mushe, ko ƙasar kabarinshi ba ta bushe ba?"

Sai muka ji wani sauti daga bakin Inna. Na ɗauka kukan ne ya zo, ashe dariya ce. Ta yi ta yi har ta kifa kai a kafaɗata, sa'annan hawayen suka biyo baya.

Ita ta warware wa Gwaggo zancen. A makarantun Nijar haka ake kiran malami da Faransanci, "mushe." Direban nan yana yaro aka kawo shi nan Jibiya wurin dangin uwarsa, aka sa shi ajin Baba a ƙaramar sakandare. Ran farko ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe!" Baba ya ajiye alli, ya hau tebur ya kwanta, ya miƙe ƙafafu sama, ya ce, "To, tunda an ce na mutu, sai ku yi lissafinku da kanku." Ajin ya kaure da dariya har hedimasta ya leƙo.

Daga nan zaman makoki ya sake kama. Duk wanda ya shigo da nasa labarin yake tafe. Wata ta ce ita ce ta taɓa zama lamba bakwai. Wani ya ce har yau in ya ga shingen boda sai ya taɓa hularsa. Limamin unguwa ya yi ta gyaran murya a zaure don a natsu, sai ga shi daga baya shi ma yana ba da nasa, don shi ma ta hannun Baba ya bi.

Na yi dariya tare da su, amma na lura da wani abu. Kowa ya tuna wasan Baba. Ban ji mutum ɗaya da ya ce ya tuna lissafin ba. Wannan kuwa ita ce tambayar da Baba ya tafi da ita bai sami amsa ba: yaran nan sun koya, ko dariya kawai suka yi?

Sai na ba da labarin hular kafin a gane.

Baba malamin lissafi ne tun kafin a haife ni. Wurin da yara ke fara gudun lissafi shi ne ranar da aka shigo da harafi cikin lambobi, aka ce a nemo ekis. A rubuta cewa ekis a tara da uku daidai yake da goma, a ce a ɗauke ukun nan a mai da shi wancan gefe ya koma ɗebewa. Yaro ya yi ta kallon allo, daga ranar kuma ya sa wa ransa cewa shi ba shi da kan lissafi.

Baba ya ce ba zai yiwu ba a garin boda. Ya dubi alamar daidai, layukan nan biyu da ke kwance, ya ce ai shinge biyu ne, ɗaya na Najeriya ɗaya na Nijar. Kowa a garin nan ya san mutumin da in yana Magama ɗan Najeriya ne, in ya isa Ɗan Isa ɗan Nijar ne, kuma bai yi ƙarya ba, don ubansa nan yake uwarsa can. To haka lamba take, in ji Baba. In ta tsallaka, sai ta juya hula.

Ya sa Inna ta ɗinka masa hula mai fuska biyu, waje fari ciki baƙi. Fari tarawa, baƙi ɗebewa. Tana ɗinki tana mita. "Ni dai an ce mani malami zan aura, ashe ɗan kama ne." Ya ce, "Ɗan kama mai albashi, ki gode Allah."

A aji sai ya ja layi biyu da alli a ƙasa. Yaro ya zama uku, ya sa farar hula, ya tako ya tsallaka, ya juya ta ta koma baƙa, ajin duka su ɗauka: "Ya tsallaka, ya juya!" Wani lokaci Baba da kansa yake zama lambar, yana tafe yana ɗingishi, yana roƙon a bar shi ya wuce don matarsa na naƙuda a Maraɗi. Karin maganarsa ɗaya ce, kowa ya haddace ta: "Lissafi ba kura ba ne. Ko da ma kura ce, ai ana wasa da ita."

Akwai wata yarinya daga Mazanya da ba a kiranta gaban allo ba ta fashe da kuka ba. Baba bai ƙara kiranta allo ba. Ya naɗa ta jami'ar kwastan. Aikinta ta tsaya kan layi da rula a hannu, duk lambar da ta zo wucewa ba ta juya hula ba ta tare ta. Yarinyar da ba a jin muryarta sai ga ta tana daka wa ƙattin aji tsawa, "Koma baya!" Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, uwar 'ya'ya, amma har gobe Kwastan ake ce mata, mijinta ma haka yake kiranta in yana neman faɗa.

To, ba kowa wannan ya burge ba. Akwai Baffa.

Baffa taubashin Baba ne, tare suka tashi, tare suka yi makarantar horon malamai, kuma don Allah Ya haɗa faɗa, shi ma lissafi yake koyarwa, a wata makarantar. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai da dalili. Ajinsa ko ƙuda ya shiga sai ya nemi izini. Yana ba da aiki, a yi, a sake, a sake kuma, har hannu ya saba. Kullum da la'asar yana ƙofar gidanmu, su baje tabarma, shayi bai gama tafasa ba an fara.

"Ba a koyon lissafi da haƙora a waje," in ji Baffa.

"Ba a koyon komi da zawo a wando," in ji Baba.

"Lamba ba ta zuwa ko'ina, kai ma ka sani. Babu wata boda. Sikeli ne: abin da ka yi ma dama, ka yi ma hagu. Kai kana koya masu tatsuniya."

"Ni nawa suna zuwa aji da gudu. Naka da gudu suke fita."

Mu muna ciki muna jin su, Inna tana cewa, "Ga zakarun nan sun fara." Haka muka girma da wannan gardama kamar kiran salla, ranar da ba a yi ta ba sai mu tambaya ko wani ba shi da lafiya.

Gaskiya kuma, yaran Jibiya sun sha ba Baffa makami. Wata rana wani yaro ya ɗauke uku ya kai wancan gefe bai sauya alama ba. Baba ya ce, "Ina hular?" Yaron ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Malam, wannan ta ɓarauniyar hanya ta bi. Ba ta biyo ta shinge ba." Baba ya ce wallahi sai da ya fita waje ya dafa bango don dariya. Lokacin da aka rufe boda kuwa, wata ta kawo masa aikin gida ba ta taɓa ko ɗaya ba, wai ta ji a rediyo an hana tsallakawa. Baba da bakinsa ya ba Baffa waɗannan labarai, yana dariya har da tari. Baffa ya ce, "Ka ji ko? Ka koya masu fasa-ƙwauri, ba lissafi ba."

Sau ɗaya ne wasan ya zama faɗa na gaske. An yi jarrabawar haɗin gwiwa, takardun ajin Baba suka faɗa hannun Baffa. Ran nan ya zo bai ko zauna ba.

"Biyu sau ekis daidai da goma. Ka san abin da yaranka suka yi? Sun tsallakar da biyu, sun juya mata hula, sun ɗebe ta daga goma, sun ce takwas. Takwas! Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kusan ajin duka. Hularka fuska biyu gare ta, lissafi kuwa fuska huɗu. Ina ninkawa, ina rabawa? Ka sa su dariya, ka tura su rami. 'Ya'yan mutane ne, ba 'yan kallo ba!"

Baba ya juya ya bar shi nan tsaye. Ya shigo gida, aka kawo tuwo bai ci ba. Baffa ya ɗauke ƙafa, tabarmar la'asar ta yi kwanaki a naɗe. Na ji haushin Baffa ƙwarai a lokacin, har na daina gaishe shi da kyau, Inna ta ci mutuncina a kai.

Baba bai jefar da hular ba, amma ya ƙaro abu biyu. Ya aro sikeli wurin wani mai awo a kasuwa ya kai aji, wato maganar Baffa ke nan, ko da yake har ya bar duniya bai yarda cewa daga can ya ɗauko ba. Sa'annan ya kafa doka: duk amsar da ka samo, baƙo ce, sai ka mai da ita gida. Ka sa ta a gurbin ekis, in 'yan gida sun gane ta, wato gefe biyu sun daidaita, to taka ce. In ba su gane ta ba, ɓarawo ka kawo. Da ya je biko gidan Baffa, abin da ya ce kawai shi ne, "Tashi mu tahi, shayi na hucewa, ba ni da abokin faɗa." Baffa ya ɗauko takalmi.

Ni ma lissafin nake koyarwa yanzu, a makarantar 'yan mata. A ɗakin malamai gardamar nan tana nan da ranta. Wasu su je bita su dawo da waƙa da tafi, su ce zamani ke nan. Wasu su ce ɓata lokaci ne, jarrabawa ba ta san tafi ba. In aka juyo kaina sai in yi shiru, don a gidanmu na ga iyakar kowanne.

Da ciwo ya kwantar da Baba, wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe mani hannu.

"Ɗiyata, ke malama ce. Ki gaya mani tsakaninki da Allah. Sun koya, ko dariya kawai suka yi?"

Na ce, "Haba Baba, sun koya mana."

"Ke ɗiyata ce, shaidarki ba ta karɓuwa."

Da Baffa ya zo dubiya sai ya maimaita masa. Ya ce, "Kai ne ba ka taɓa raga mani ba. In na tahi za su taru. Ka gwada su. In ka iske dariya kawai na bari, ka faɗa ma ɗiyar nan, kada ta gaji wauta."

Baffa ya ce, "Kai dai ka cika fitina. A gidan makoki zan yi jarrabawa?"

"Ai ni ne mai makokin, na ba da izini."

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, tsofaffin ɗaliban Baba suka haɗu suka shigo yi wa Inna sallama, maza daga bakin zaure, mata a gefenmu. Direban nan yana ciki, Kwastan tana ciki, Liman ma bai tafi ba. An shafa fatiha, ana neman miƙewa, sai Baffa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku dakata. Malaminku ya bar wasiyya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da aka kwana uku ana yabo, yanzu za a kwance masa zane a gaban matarsa. Na dubi Inna, ta gyaɗa mani kai, ashe ta sani.

Baffa ya share ƙasa da ƙafa, ya zana da bakin sanda yana faɗa: "Biyu sau ekis, a ɗebe shida, daidai da goma. Ku nemo mani ekis."

Gwaggo ta ce, "Yau na ga ikon Allah."

Sai direban ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Wani mai shagon magani ya tsuguna kusa da shi. Kafin ka ce kwabo tsakar gidanmu ta cika da manyan mutane a durƙushe, masu furfura da masu tumbi, kowa da tsinke yana zane. Mata suka ja nasu filin. Liman ya ce shi alƙali ne kawai, amma na ga yatsansa na motsi a kan tabarma.

"Goma sha huɗu!" in ji direba.

"Kai tafi can, biyu ne," in ji mai magani.

"Takwas," wata ta ce daga cikin mata.

Na runtse ido. Amsa uku, biyu daga ciki ba daidai ba, kuma na san hanyar da kowacce ta biyo. Mai magani ya wuce da shida bai juya mata hula ba, ɓarauniyar hanya ke nan. Direba ya juya wa shida daidai, ya sami goma sha shida, sa'annan ya ɗebe biyu maimakon ya raba, ramin nan dai na tun da. Gardama ta kaure, har ana rantse-rantse.

Sai muka ji tsawa. "Ku koma baya!"

Kwastan ce, ta miƙe da mayafinta a kafaɗa. "Mi Malam ya ce? Kowa ya mai da baƙonshi gida!"

Wallahi kamar an kunna fitila. Mai magani ya sa biyunsa: biyu sau biyu huɗu, ya zo ɗebe shida ya tsaya. "Subhanallahi, ɓarawo na kawo." Direba ya sa nasa, ya ƙirga da yatsu, ya ga ashirin da biyu ta fito inda ake neman goma, ya dafe kai. Aka sa takwas: goma sha shida, a ɗebe shida, goma. 'Yan gida sun gane baƙo. Wata ta manta a inda take ta rangaɗa guɗa, Gwaggo ta jefe ta da mafici.

Direban bai tashi ba. Ya ɗago kai ya dubi Baffa, mutumin da yara ke canja hanya in sun hango shi, ya ce, "Mushe, ban gane inda na ɓata ba. A sake mani."

Baffa ya yi masa bayanin sikeli, abin da ka yi wa dama ka yi wa hagu. Direba ya ce a sake. Ya sake. Direba ya sosa ƙeya. Na matsa kusa da Baffa na ce, "Baffa, mi zan riƙe? Sun ci ko sun faɗi?"

Ya dubi mutanen nan da ke durƙushe.

"Da farko fiye da rabi sun faɗi. Wannan ba zan ɓoye ba, ko yana raye zan gaya mashi. Hula ba ta isa ba." Ya nuna su da sanda. "Amma sun kama ɓarawonsu da kansu. Kuma ki duba bakin zaure. Da nawa ɗaliban na tara na zana wannan, da tuni kowa ya nemi takalminshi. Nan ko ɗaya bai motsa ba." Ya juya wajen Inna. "Ina hular nan take?"

Inna ta shiga ɗaki ta fito da ita, farin ya koma ruwan ƙasa, baƙin ya koɗe. Baffa ya cire tasa ya ba ni. Ya ja layi biyu dogaye a ƙasa, ya kafa hular Baba ta baƙin gefe, ya ce wa direba, "Ni ne shida. Buɗe idonka. Biyun kuma ba hula za ta juya ba, raba kaya za ta yi, za mu zo kanta."

Ya tako, dogon mutumin nan da bai taɓa wasa a aji ba, har da ɗan ɗingishi. Ya tsallaka layin farko, ya tsallaka na biyu. Gidan duka, har Liman, har Gwaggo da ba ta san dawan garin ba, suka ɗauka: "Ya tsallaka, ya juya!"

Baffa ya cire hular zai juya ta, sai hannunsa ya tsaya. Ya dubi gefen da ya baro, inda muke zaune, inda tabarmar la'asar take jingine da bango. A hankali ya juya ta, farin ya fito, ya mai da ita kansa.

"A nan an ɗebe muna shi," ya ce. "Allah Ya sa can tarawa ne."

Amin ɗin da aka amsa har maƙwabta sun ji. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya sa 'yan gida su gane baƙonsu.

Hular kuwa har yau Baffa bai dawo da ita ba. Na aika a karɓo mani don in kai aji, ya ce a gaya mani in sa Inna ta ɗinka mani tawa, wannan yana koya wa jikokinsa da ita.